BAYAN AN SALLAMO YARO DAGA ASIBITI: INA AIKIN IYAYE?

(Jawabin da aka gabatar a taron iyaye na ƙungiyarmu a Jos)



Maganar yau mai nauyi ce, wadda ba mu son yi a fili. Yaro ya yi yunƙurin halaka kansa, Allah Ya kiyaye, an ceto shi a asibiti, an dawo gida. To, sai me?

Abin da muka saba, daga Gangare har Unguwar Rogo, shi ne a rufa asiri. A ce wa maƙwabta zazzaɓi ne. Uba ya ɗaure fuska, uwa ta shige ɗaki tana kuka, kowa ya yi gum. Jama'a, shirun nan shi ne haɗarin. Likitoci sun tabbatar cewa wanda ya taɓa gwadawa yana iya sakewa, musamman a watannin farko bayan sallama.

Mu tuna inda yaran nan suka tashi. Rikicin 2001, da na 2008, da na 2010, duk a kan idonsu ko a bayan goyo aka yi. Kasuwar Taminus ta ƙone a 2002, jarin iyaye da dama ya tafi. Wani maraya ne, wani ya gama karatu ba aiki. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, ba iskanci ba ne.

To, ga aikinmu.

Na farko, a ajiye bulala da gori. Wanda ya fito daga rijiya ba a tare shi da faɗa. A nuna masa rahamar Allah, ba a yi ta tsorata shi ba.

Na biyu, a zauna da shi. Na san alkunya: wani uban ko sunan ɗan farinsa ba ya faɗa. Amma alkunya ba ta kai rai ba. Ka tambaye shi kai tsaye, "Har yanzu tunanin nan yana zo maka?" Tambayar ba ta cusa masa komai, sauƙi take kawowa. In bakinka ya yi nauyi, ga kawu, ga gwaggo.

Na uku, a kawar da maganin ƙwari da na ɓera da ƙwayoyi daga gida, kuma kada a bar shi shi kaɗai a kwanakin farko.

Na huɗu, a koma wurin likita ranar da ya sa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana da sashen masu larurar ƙwaƙwalwa, kuma dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta kare mutuncinsu. A yi addu'a da rubutu, amma kada a yar da magani.

Ku kuma maƙwabta, a kama baki. Yau gidan wani ne, gobe wa ya sani?

Allah Ya shirya mana zuriya. Wassalamu alaikum.