Hutun Ista: Abin da Lambu da Tafiyar Ƙasa Suka Koya Mani Game da Ɗana

Wannan jawabi ne da wata 'yar'uwarmu mai aikin jinya a ƙasar Ingila ta gabatar a taron makon iyali, sa'ad da ta zo ganin gida. Mun buga shi yadda ta faɗa.

Na gode da kuka ba ni wannan zarafi, ko da yake a cikinku akwai masu jikoki, waɗanda ya kamata in zauna a ƙasa in saurara. An ce in yi magana a kan yara da hutun makaranta. Ni ba malama ba ce, saboda haka labarin gidana zan ba ku, abin da ya faru da mu a hutun Ista na shekarar 2023, ku ɗauki abin da zai amfane ku a ciki.

Muna zaune a birnin Shefil, a arewacin Ingila, ni da maigidana da yara uku. Aikina sau da yawa na dare ne, shi kuwa tun asuba yake fita. Ina shigowa yana ɗaura takalmi. Yara ba su rasa abinci ko sutura ba, amma sai a yi mako guda ba mu zauna mu biyar wuri ɗaya ba, in ba ranar Lahadi ba.

A can makarantu sukan ba da hutun mako biyu wajen Ista, lokacin kuwa yakan zo daidai da fitar sanyi. A watan Disamba rana takan faɗi tun kafin ƙarfe 4 na yamma, itatuwa sun kaɗe, kowa yana ƙunshe a ɗaki. Ranar Lahadi ta ƙarshe a watan Maris sai a tura agogo gaba da sa'a ɗaya, kafin tsakiyar Afrilu rana tana kaiwa wajen ƙarfe 8 kafin ta faɗi. Itatuwa su fara toho, tumaki su yi ta haihuwa. Waɗansu sukan kira lokacin bazara, amma kada ku kawo zafin bazararmu a rai, gama da rigar sanyi mutum yake yawo. Abin da ya fi kama da shi a wurinmu shi ne faɗuwar ruwan fari, sa'ad da kowa yake neman fartanyarsa.

Ɗanmu na fari yana da shekara 14 a lokacin. Tun wajen watan Oktoba ya canza mana. Yaro mai surutu ya zama idan ya dawo daga makaranta sai ya haye sama ya rufe ƙofa. Yaya makaranta? Lafiya. Me yake damunka? Ba kome. Babansa ya zaunar da shi a falo har sau biyu, ya yi faɗa, ya yi lallashi, yaro dai ya sunkuyar da kai har aka gama. Ni kuwa, iyayena mata, kun san yadda aka rene mu. Ɗan fari ko sunansa ban iya kira ba, balle in zauna in dube shi in ce ya buɗe mani cikinsa. Na ce ko girma ne ya zo. Na ce ko waya ce, na ƙwace ta mako guda, abin ya ƙara lalacewa. Da hutu ya gabato sai na nemi kwana 8 a wurin aiki, babansu ya nemi kwana 3. Ban san abin da zan yi da kwanakin ba, na dai san akwai lambu yana jiranmu.

Bari in bayyana maku wannan lambu. A Ingila ƙaramar hukuma takan yanka fili ƙanana ƙanana ta ba mutanen gari haya shekara shekara domin su noma kayan miya. Tun 1908 doka ta ɗora wa hukumomin wannan nauyi idan jama'a sun nema. Cikakken kaso yakan kai murabba'in mita 250. Masu nema sun fi filayen yawa, mu sai da muka yi shekara 4 muna jira kafin aka ba mu rabin kaso, cike da ciyawa da ƙaya.

Tun kafin hutu mun shuka tumatir da tattasai a ƙananan tukwane a bakin taga, sun fito kore shar. Ranar farko ta hutu gari ya yi haske, rana ta fito, na ce a ɗauko su mu dasa. Yaron nan, wanda ya yi watanni bai haɗa kalma biyar ba, ya ce, "Mama, a jikin takardar irin an ce a jira ƙarshen Mayu, har yanzu sanyi yana iya sauka da dare." Na ce masa ni a gidan noma aka haife ni, ba takarda ce za ta koya mani dashe ba. Ya yi shiru. Muka dasa duka.

Da dare gari ya washe, sanyi ya sauko, raɓa ta daskare a kan ganye. Da muka je da safe, dashen nan duk sun yi baƙi sun kwanta, ko ɗaya bai tsira ba. Mun saba cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A ranar yaro ne ya hango. Na tsaya ina kallon ƙasa, na daɗe, sa'an nan na ce, "Kai ka yi gaskiya, ni na yi kuskure." Tun da na haife shi ban taɓa faɗa masa haka ba. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya ce, "Akwai sauran iri, Mama, mu sake." Na ce to, tumatir ya zama nasa, shi zai faɗi ranar dashe.

Maƙwabcinmu a lambun wani tsoho ne da ya yi ritaya daga masana'antar ƙarfe. Shi ya koya mana dankalin Turawa, irin wanda ake nomawa a Bokkos da Mangu. Tun watan Fabrairu ya sa muka jera irin a kwalin ƙwai a wuri mai haske har ya yi tsiro gajere mai ƙarfi. Ya ce al'adar mutanen wurin ita ce a binne shi ranar Jumma'a Mai Kyau, gama a dā ita ce ranar da ma'aikata suke samun sarari. A shekarar ta faɗo ran 7 ga Afrilu. Bayan sujada muka tafi mu biyar. Babansu yana haƙa kunya, zurfin kamar santimita 12, 'yar auta tana auna tazarar santimita 30 da sanda, yayarta tana ajiye irin tsiro yana kallon sama, ni da babban muna binnewa. Muka dasa albasa, muka shuka karas. A nan na lura da wani abu. Muddin hannunsa yana cikin ƙasa, idona kuma ba ya kansa, yaron nan yana magana. Maganar tsutsa, maganar taki, maganar ƙwallo, ba wata babbar magana ba, amma murya ce da na yi wata shida ban ji ba.

A mako na biyu muka fita tafiyar ƙasa a ƙauye. A Ingila da Wales akwai hanyoyin ƙafa kimanin mil 140,000 da suka ratsa gonaki da wuraren kiwo, waɗanda doka ta ba kowa izinin bi, ana sa masu alamar kibiya ruwan ɗorawa. Tsaunuka kuwa da yawansu a rufe suke a dā, masu dukiya sun keɓe su domin farautar tsuntsaye. Ran 24 ga Afrilu, 1932, ma'aikata wajen 400, yawancinsu daga Manchesta, suka hau tsaunin Kinder Scout ba da izini ba, aka ɗaure 5 daga cikinsu. A 1949 aka yi dokar keɓe yankunan shaƙatawa na ƙasa, a 1951 yankin Peak District, inda tsaunin yake, ya zama na farko, a 2000 kuma wata doka ta ƙara buɗe wa jama'a tuddai. Na faɗa wa yara wannan a cikin jirgi domin su san waɗansu sun sha wahala kafin su samu wurin takawa.

Daga Shefil zuwa ƙauyen Edale tafiyar kamar rabin sa'a ce a jirgin ƙasa. Muka ɗauki shayi da ƙosai da dafaffen ƙwai, wayoyi duka a jaka ɗaya, har da tawa. Muka hau tudun Mam Tor, mai tsawon mita 517. Ka'idar wurin mai sauƙi ce: ƙofar shinge a bar ta yadda aka same ta, kada a kori tumaki, kada a bar shara. 'Yar auta ta ƙidaya 'yan raguna har lissafi ya ɓace mata, ta faɗi cikin taɓo sau biyu, ta yi kuka, ta yi dariya.

Da muna saukowa, babansu ya yi gaba da 'yan matan, ni gwiwa ta hana ni sauri. Babban ya tsaya ya jira ni, ya karɓi jakata. Muka ga tsattsewa tana shawagi a kan wani garke. Ya ce mani nauyinta bai wuce giram 20 ba, amma daga Afirka ta Kudu take dawowa kowace shekara, tana ƙetare hamadar Sahara. Ni kuma na ba shi labarin shamuwa, yadda idan ta sauka a kan itatuwan garinmu tsofaffi suke cewa damina ta kusa. Muka ci gaba da tafiya. Hanyar siririya ce, yana gaba ina biye. Ba tare da ya juyo ba sai ya fara magana. Tun watan Oktoba waɗansu yara suke yi masa ba'a a kan fatarsa da abincin da nake ɗaura masa. Sau biyu sun juye abincin a kwandon shara. Daga nan ya daina cin abincin rana, yakan ɓuya a ɗakin karatu har a koma aji. Na ce, "Don me ba ka faɗa mana ba?" Ya ce, "Kullum a gajiye kike, Mama. Baba kuma zai ce in zama namiji."

'Yan'uwa, na gode wa Allah da hanyar nan siririya ce, gama bai ga hawayena ba. Da a falo ne, da na yi kuka a gabansa, da ya yi shiru don kada ya ƙara mani damuwa. Da aka koma makaranta ni da babansa muka je muka ga malamai. Abin bai ƙare rana ɗaya ba, sai da aka ci zango guda ana bi, amma yaro ya san ba shi kaɗai yake ɗauke da kayan ba. Ƙarshen Mayu ya dasa tumatirinsa, a watan Yuli muka haƙe dankali, a watan Agusta muka ci miyar tumatir da ya noma.

Yanzu bari in faɗi abu uku da na koya.

Na fari, yaro ba ya buɗe cikinsa idan an tsare shi da ido. Gefe da gefe yake magana, a kan aiki ko a kan hanya. Iyayenmu sun san haka ko da ba su faɗa ba. A gona, a hanyar rafi, a bakin turmi, a hanyar kasuwa, nan uwa take jin abin da yake zuciyar 'yarta, uba kuma na ɗansa, ba tare da an keta kunya ba. Mu da muka koma birni mun riƙe kunyar, mun bar gonar da hanyar rafin, muka rasa wurin da magana take fitowa. Tilas mu nemo wani wurin.

Na biyu, hutun yaro yana bukatar kwanakin iyayensa. Da yawanmu da an rufe makaranta sai mu biya kuɗin ƙarin darasi, ko mu miƙa masa waya, mu ce mun sauke nauyi. A nan gida hutun Ista yakan zo lokacin sharar gona da kai taki, mangwaro kuma ya nuna. Mai gona ya tafi da yaransa, ya yi aiki kusa da su, kada ya tura su wani gefe shi yana wani. Wanda yake birni, tsohon bokiti ko buhu da ƙasa da taki ya isa a shuka alayyafo, cikin wata guda ko ya ɗan fi an fara tsinka. Tafiyar ƙasa kuma, na san ba ko'ina ake shiga daji yanzu ba, kada wani ya kai iyalinsa inda ba lafiya. Amma a fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, a taka zuwa gidan kaka a wata unguwa, a bar babur a gida, wannan ma tafiya ce. Dattawana, da ladabi nake roƙo, idan ana shirya tarurrukan hutu, a bar wa iyalai waɗansu kwanaki ba taro, domin uba da uwa su samu yaransu.

Na uku, a ba yaro abin da zai zama nasa, kunya ɗaya ko tukunya ɗaya, a bar shi ya yanke shawara a kai. Idan kuma ya fi mu gaskiya, mu faɗa masa da bakinmu. Girmana bai ragu ba don na ce na yi kuskure. Na tabbata da ban faɗi haka a lambu ba, da ban ji abin da na ji a kan tudu ba.

Hutu mai zuwa, kowannenmu ya dubi gidansa ya ga wane yaro ne ya yi shiru kwanakin nan. Kada a kira shi falo. A ba shi fartanya, ko a ce ya raka ku wani wuri da ƙafa, a yi haƙuri, kada a tsananta tambaya. Ni sai da na yi kwana goma kafin nawa ya yi magana.

Allah ya albarkaci gidajenmu da 'ya'yanmu. Amin.