Yaranmu masu lisansin sikoloji: jawabin da aka yi a taron ƙungiya

Mai girma maigari, liman, dattawa, iyayenmu mata, da ƴan uwa da suka sauko daga bida, barkanku da zuwa.

Kwamiti ya ɗora mana bayani bisa tambayar da iyaye ke yi mana, mu malaman lakwal. Yaro ya yi shekara 3 a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ya komo da lisansin sikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam. To, lokotoro ne ko kuwa?

Ba lokotoro ba ne. Ba ya allura, ba ya rubuta magani. Lokotoron taɓin hankali hanyarsa daban take: sai ya ci bak ta kimiyya, ya yi shekara 7 ko fi yana karatun likita, kana ya ƙara 4 na ƙwarewa. Yaranmu kuwa galibi da bak A suka shiga. Saboda haka a daina kai musu takardar magani su duba, kuma a daina yi musu gori don sun ce ba aikinsu ba ne.

Aikinsu sauraro ne da gane ciwon da ba ya fita a awon jini. Ku ƴan bida kun fi mu saninsa. Wanda aka tsare a Libiya, wanda Aljeriya ta zubar a hamada ya taka har Asamaka, ya iso gida ba ya barci, ba ya son taro, sai mu ce iska ce. Ga samarin da taramol ya ci. Ga ƴan gudun hijira na jihar Sakkwato da ƴan bindiga suka koro zuwa Bangi, nan ƙasar Madawa. In ciwo ya yi tsanani, sai a sayar da bisa a kai mutum Pavillon E a babban asibitin Yamai, ko a ƙetare zuwa Kware kusa da Sakkwato. Da akwai mai sauraronsa tun da wuri, da wani bai kai ga mari ba.

Amma lisansi kaɗai ba ta isa a sakar wa yaro marar lafiya. Sai ya ƙara shekara 2 ya yi mastar ta sikolojin asibiti, tare da koyon aiki a hannun manya. Nan ne yaranmu ke tsayawa, ba don rashin ƙoƙari ba. Kuɗin rajista, hayar ɗaki da abinci a Yamai ke kayar da su, bursi kuma ba kowa ke samu ba.

Akwai wasu ƙofofi. Makarantun ENSP na Yamai da Damagaram suna horar da malaman asibiti da ungozoma. Aiki ne mai kyau, sai dai wanda ya nufe su ya san sabon karatu zai soma. Akwai ƙungiyoyin agaji, irin Likitoci Na Gari Na Kowa da suka yi shekaru a Madawa da Buza suna jinyar yara masu tamowa bayan yunwar 2005. Yaron da tamowa ta kama yana bukatar wasa da magana kamar yadda yake bukatar abinci, uwarsa ma haka. Amma aikin ƙungiya kwantaragi ne, mun ga yadda aka rufe ofishin CICR a 2025. Koyarwa kuma, da yake sana'armu ce, ba mu kushe ta, sai dai ba ita ta kai su jami'a ba.

Wani dattijo zai ce wannan abin Nasara ne. A Abekuta, tun 1954, Dokta Thomas Lambo ya riƙa saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya. Yaron da ya tashi tsakanin Keita da Buza, ya san Adaranci, ya san yadda ake gaida tsoho, shi ne zai iya irin wannan a nan.

Ga abin da muke roƙo. Asusun ƙungiya ya gyara rijiya, ya yi rufin aji. Bana a ware kaso don ɗaukar nauyin mastar ta yaro ɗaya ko yarinya ɗaya, bisa sharaɗin duk hutu zai zo ya zauna da malamin asibitin garinmu. Ƴan Abijan da ƴan Legas su faɗi abin da za su iya kafin su koma. Ma'aji na nan da littafinsa, bayan la'asar za a ɗaga hannu.