Ta Cinya Ko Ta Tebur?

Ɗalibin da ke koyon zanen gine-gine a reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke Barnawa, in ya yi niyyar sayen kwamfuta, lalle mas'alar lantarki ce za ta fara tare shi; domin ta tebur, duk da arharta, da zarar an ɗauke wuta sai allonta ya yi baƙi, zanen da bai adana ba ya salwanta, alhali ta cinya batirinta na riƙe ta har ya kammala. Amma mai shagon buga takardu a Kakuri, wanda janareta ke ruri a ƙofarsa tun safe, a ganina maslaharsa tana ga ta tebur, wadda in wani sashe nata ya lalace, shi kaɗai za a cire a sauya.