Jawabi Kan Tallafin Gwamnati Da 'Ya'yan Da Iyayensu Suka Rabu

 

An nemi in yi bayani kan wata tambaya da ta yawaita a tsakaninmu. Miji da mata sun rabu, yaro yana kwana wajen uwa ranakun makaranta, ƙarshen mako ko lokacin hutu ya koma wajen uba. To idan masu rajistar tallafi suka zo, a gidan wa za a rubuta shi?

Da farko mu san yadda tsarin yake. Tun shekarar 2016 Gwamnatin Tarayya ke tattara sunayen masu ƙaramin ƙarfi a wata babbar rajista ta ƙasa, ƙarƙashin ofishin NASSCO. Da ita aka yi amfani wajen biyan Naira 5,000 a wata, haka kuma a watan Oktoba na 2023 aka sanar da Naira 25,000 a wata har tsawon wata uku ga gidaje miliyan 15. Ku lura da kalmar, gidaje aka ce. Kuɗin na gida ne, ba a biya bisa kan kowane yaro. Gida kuwa a wajen ma'aikatan shi ne mutanen da ke zaune tare suna ci daga tukunya ɗaya. Saboda haka matar da aka saka, ta kama ɗaki da 'ya'yanta tana ɗora tukunyarta, gida ce mai zaman kanta, ba ta buƙatar izinin tsohon miji kafin a rubuta ta. Amma shiga rajista daban, samun kuɗi daban, kada a ruɗe ku.

Shawarata ita ce a rubuta yaro a inda ya fi kwana da cin abinci, wuri ɗaya tak. Rubuta shi gida biyu ba ya ƙara ko sisi, sai dai ya jawo shakku, musamman da aka koma tantance mutane da lambar NIN.

Inda rigima ta fi tashi shi ne wajen karɓa. A tsarin 2016 sunan mai kula da gida ake sawa, galibi mata. Idan aure ya mutu, sai ka ga maigida ya riƙe layin wayar matar ko katinta na banki, wai ai a gidansa aka rubuta. Wannan zalunci ne, kuma yaran ne ke kwana da yunwa. Wasu kuma sukan ce tunda gwamnati na ba ta, sun sauke ciyarwa. Malamai na zaune a nan, za su shaida cewa a mazhabar Malikiyya reno na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta, ciyarwa da tufatarwa kuwa suna wuyan uba. Tallafi bai ɗauke masa wannan ba.

Sai maganar takardu. Yaron da bai kai shekara 16 ba ana yi masa NIN da takardar haihuwa da lambar uba ko uwa ko mai riƙonsa. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta zauna hannun wanda yaron ke wajensa, ɗayan ya riƙe kwafi.

Idan wani ma'aikaci ya ce muku ku koma jiharku, ku tuna masa cewa sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama inda ya so, sashe na 42 kuma ya hana nuna bambanci saboda asali ko ƙabila ko addini. Ku yi katin mazauna Legas na LASRRA, yana taimakawa a irin wannan gardama.

Yarjejeniyar da aka yi gaban Sarki ko liman tana da daraja, amma a rubuta ta, shaidu su sa hannu, a faɗi inda yaro zai zauna da abin da uba zai riƙa bayarwa. Idan sulhu ya gagara, akwai kotun iyali ƙarƙashin dokar haƙƙin yara da Jihar Legas ta kafa a 2007, kuma abin da alƙali zai duba shi ne maslahar yaron. Masu tambaya su ɗaga hannu, za mu fara da ɓangaren mata.