A Binciki Ƙasa Kafin A Gina Gida
Jawabin edita ga ɗaliban ajin manya na Ɗan Isa

 

Garuruwanmu suna ta faɗi. Daga Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi da Zurmi, kullum ana yanka filaye ana gina gidaje. Mai sayen fili yakan tambayi kuɗinsa da iyakarsa. Amma akwai tambaya ta uku da ake mantawa: wane aiki aka taɓa yi a wannan fili?

Ku tuna abin da ya faru a jiharmu a 2010. A ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum mutane sun riƙa kawo dutsen zinariya cikin gari. Ana niƙa shi da inji, ana daka shi a turmi, ana shanya shi a tsakar gida. Ashe dutsen yana ɗauke da dalma. Ƙurar ta zauna a ƙasa. Yara suna rarrafe, suna sa hannu a baki. Yara fiye da 400 suka rasu.

Dalma ba ta ruɓewa kamar shara. Ko an daina aikin, tana nan cikin ƙasa shekara da shekaru. Ido ba ya ganinta. Yaron da ta shiga jikinsa yakan yi amai da farfaɗiya. Wanda ya tsira ma tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa.

To, ana iya gyara irin wannan wuri? Ana iyawa. An yi a Dareta da 'Yargalma a 2010. Ma'aikata sun auna ƙasa da na'ura gida-gida. Inda aka sami guba, an kankare saman ƙasar kamar faɗin yatsu uku. An kwashe ta an binne a rami mai zurfi a bayan gari. Sannan aka zubo ƙasa mai tsabta aka shimfiɗa. Mutane suka ci gaba da zama a gidajensu.

Amma aikin yana cin kuɗi, ya fi ƙarfin talaka. Garin Bagega ya daɗe yana jira. Likitocin ƙungiyar MSF ba su iya fara ba yaran garin magani ba, domin yaron da ya sha magani ya koma gida mai guba, aikin banza aka yi. Sai da jama'a suka matsa, gwamnatin tarayya ta saki kuɗi a Janairun 2013. A shekarar aka share Bagega, aka fara magani.

Saboda haka ga abin da ya kamata mu yi.

Na ɗaya, kafin ka sayi fili, tambayi mai unguwa da dattawa. Idan an taɓa niƙa dutse ko fasa tsoffin batiran mota a wurin, dakata tukuna.

Na biyu, kada a ɗebi ƙasar irin wannan wuri a yi tubali ko yaɓe. Yin haka shigo da guba ne har cikin ɗaki.

Na uku, ku haɗu ku rubuta takarda zuwa ga kansila da shugaban ƙaramar hukuma. Ku nemi a kira ma'aikatar muhalli ta jiha ta auna wurin. Ku nemi a sa kuɗin gyaran cikin kasafin shekara kafin a raba fuloti. Yanzu kun iya rubutu, ga ranarsa ta zo. Ku ajiye kwafe, ku riƙa bibiya.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Gyaran fili tun babu kowa a kai ya fi sauƙi da araha a kan gyaransa bayan an tare da iyali.

Allah ya tsare mana zuriyarmu.