In Tsohuwar Mota Ta Fara Yoyo

(Jawabin da wani ɗan'uwa mai sana'ar kanikanci ya gabatar a zamanmu na wata-wata a Jimeta)



An ce in yi magana a kan mota, kuma kada in wuce minti 20. To maganar mota ba ta ƙarewa, shi ya sa na ɗauki abu guda, wato yoyo. Ina nufin tabon nan da mutum ke tararwa da safe inda motarsa ta kwana, ya dube shi, ya sa ƙafa ya tura masa rairayi, ya shiga ya tayar ya yi gaba.

Mu duka nan mun san irin motocin da muke hawa. Dattawa za su tuna lokacin da kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, yake fitar da 504 sabuwa dal. Yau galibinmu 'yar Kwatano muke saye, wadda ta gama rayuwa ɗaya a Turai ko Amurka kafin ta iso hannunmu. Golf 3 ɗin nan da ke jigila a tasoshinmu, tun 1991 aka fara ƙera irinta a Jamus. Ƙarfe yana jure tsufa, amma roba ba ta jurewa, kuma duk wani mai ko ruwa da ke cikin mota, yawanci roba ce ke tsare da shi: tiyo ne, gaskit ne, sil ne. A haɗa da zafin Yola na watan Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40, sai roba ta bushe ta tsage. Ga shi kuma mu mutane ne masu gida biyu. Da salla, da biki, da rasuwa, sai an ɗauki hanyar Kano ko Katsina ko Zariya ko Haɗeja. Motar da ke lallaɓawa da yoyonta daga Jimeta zuwa cikin garin Yola kullum, ita ce dai za a ɗora wa iyali da kaya a ce ta yi yini guda a hanya.

Abin farko da nake roƙon kowa ya yi ba ya cin ko kwabo. Ka nemi babban kwali mai haske, bayan ka dawo gida da dare ka shimfiɗa shi a ƙarƙashin mota daga gaba har tsakiya, ka ɗora dutse don iska, ka yi alama a gefen da ke kallon gaba. Da safe ka jawo shi. Rairayin gidajenmu yana shanye komai ya mai da shi baƙi, amma kwali zai nuna maka launi, ya nuna maka wurin da ɗigon ya sauko, ya nuna maka yawansa.

In ka ga ruwa ne garai, ba wari ba santsi, ta gefen mai zaman banza, kuma jiya ka kunna iyakwandishan, kwantar da hankalinka, wannan lafiya ce. In baƙi ne ko ruwan zuma mai santsi a ƙarƙashin inji, man inji ne. Ja ko jaja-jaja, man giyar otomatik ne, ko na sitiyari, domin motoci da yawa iri ɗaya suke sha. Mai kauri da wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, na giyabos ne ko na aksil ɗin baya. Kore ko ruwan hoda mai ɗan ƙamshin zaƙi, ruwan lagireto ne. In kuwa zallar ruwa kake zubawa, za ka gan shi da launin tsatsa. Fetur kam ba ya bukatar kwali, hanci ya isa.

Saura ɗaya, kuma a kansa nake so in tsaya, wato man birki. Shi fari-fari ne ko rawaya-rawaya, yana da santsi amma bai kai man inji kauri ba, in ya zuba a jikin mota yana cin fenti. Ba ya son ɗiga a fili. Sai ka leƙa bayan taya ta ciki ka ga ta jiƙe, ko ka sa hannu saman feda a cikin mota ka ji danshi. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka tayar da inji, ka taka birki ka riƙe kamar rabin minti. In feda tana nutsewa a hankali har ƙasa, wannan mota kada ta fita daga gida, ko da zuwa bakin layi ne. A kira bakanike ya zo ya same ta. Man da ke cikin ɗan kofin nan yakan ragu kaɗan-kaɗan cikin watanni yayin da birki ke cinyewa, wannan ba laifi. Amma in ka cika shi yau jibi ya sauka, akwai inda yake bi.

Kuma don Allah, direbobinmu, a bar dabarar nan ta zuba ruwan omo a madadin man birki. Ruwa yana tafasa a digiri 100, birki kuwa in an yi ta taka shi a gangara, kamar hawa da saukar da ke tsakanin Cham da Kaltungo, zafinsa yana wuce haka nesa. Da ruwan ya tafasa ya zama tururi, sai ka taka ka ji wayam. Man inji ko na giya ma haramun ne a nan, yana kumbura robobin birki gaba ɗaya. A duba murfin kofin, an rubuta DOT 3 ko DOT 4, a sayi wanda aka rubuta, a cikin gwangwani rufaffe. Shi man birki yana jan danshi daga iska, don haka ragowar da ta shekara a buɗe cikin but ba ta da amfani.

Fetur shi ma ba ya jira. Da ka ji warinsa a tsakar gida, a tura motar nesa da murhu da janareta, a duba da tocila, ban da ashana, ban da sigari. Yawanci tiyo ne ya tsage a bakin kilif. Sai dai a lura, motar kafireto fetur ɗinta a hankali yake tafiya, amma mai injekta da ƙarfi famfo ke turo shi, saboda haka tiyonta daban ne. Sabulun da ake liƙa wa tanki in ya huje, dabarar fita daga daji ce, ba gyara ba ne.

To mu dawo kan man inji, wanda shi ne ya fi damun jama'a, kuma shi aka fi yi wa sakaci. Sai ka ji mutum na cewa, ai ba komai, ina ƙara mata. Mu yi lissafi. Gwangwanin madara 6 kusan lita ɗaya ne. In kana ƙara gwangwani ɗaya kullum, kafin wata ya ƙare ka zubar da galan mai lita 4 a ƙasa, wato kusan abin da injin ƙaramar mota ke sha gaba ɗaya. Kowa ya san yadda kuɗin mai da kayan gyara suka koma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023. Sau da yawa abin da ke jawo wannan asara 'yar wosha ce ta notin juye mai, wadda kuɗinta bai kai na lita ɗaya ba. Babbar asarar kuma tana ranar da ka manta ba ka ƙara ba. In jar fitilar nan mai siffar buta ta kama kana tafiya, ka gangara ka kashe inji nan take. Kada ka ce bari in ƙarasa Numan, inji zai buga kafin ka kai.

Wajen gano inda yake fita, a riƙe wannan: mai ƙasa yake bi, iska kuma baya take kora shi. Inda ka ga yana ɗiga, ba lallai nan ne ciwon yake ba. Ga ƙurar hunturu da ke manne masa ta zama laka, ta rufe komai. Don haka sai inji ya huce, a rufe altaneta da wayoyin wuta da leda, a wanke shi da kananzir da omo, a bari ya bushe sarai. Sannan a barbaɗa hoda ko tankaɗaɗɗiyar toka a wuraren da ake zargi, a tayar minti 10. Man zai ja layi a cikin hodar. Ka bi layin zuwa sama, wuri mafi tsawo da ya jiƙe, nan ne.

Abubuwa huɗu ne mutum zai iya yi da kansa in yana da sifana da haƙuri: woshar noti, filtar mai, ɗan makunnin fitilar mai, da gaskit na murfin saman inji. Filta da hannu ake ɗaure ta, bayan an shafa wa robarta mai, kuma a tabbata tsohuwar robar ba ta maƙale a jikin inji ba, domin roba biyu a haɗe suna iya zubar da man duka cikin 'yan mintoci. Murfin sama kuwa, ɗauri da ƙarfin tsiya shi ke lanƙwasa shi. Ga wani abu da yaranmu a gareji suke so ƙwarai, wato gam. Sai a lafta shi kamar ana yaɓen ɗaki. Rarar da ta matso ta ciki tana ɓallewa ta je ta toshe rariyar famfon mai, ka zo gyaran ɗigo ka koma da matsalar inji. A kuma duba ɗan tiyon da inji ke numfashi ta cikinsa. In ya toshe, iska na taruwa a ciki ta riƙa turo mai ta kowace kafa, ka canja sil sau uku bai daina ba. In kuwa ɗigon daga mahaɗar inji da giyabos yake, sil ɗin baya ne, sai an sauke giyabos. Wannan a kai gareji, kuma in kaɗan ne yana iya jira har lokacin canja kuloci, muddin ana duba geji kowace safiya.

Lagireto kada a buɗe shi da zafi, fuskoki da yawa sun saɓule a kan haka. Murfinsa ma yana da aiki: shi ke riƙe ƙarfin da ke hana ruwa tafasa sai wajen digiri 120, in robarsa ta mutu ruwa zai yi ta gudu ba ka ga ɗigo ba. Da safe ka matsa tiyo da hannu, wanda ya yi laushi kamar burodi ko ya bushe ƙamas a canja shi. Farin busasshen tabo a bakin kilif ko ƙarƙashin famfon ruwa alama ce. Garin kuka da garin rogo da ake zubawa suna toshe hujin, haka ne, amma suna toshe hanyoyin lagireton ma. Ruwan rijiya da na burtsatse kuma suna barin tsatsa da gishiri a ciki. Amma mai sayen ruwan lagireto na kanti ya sani guba ne, ga shi da zaƙi. A ɓoye shi daga yara, wanda ya zuba a rufe da ƙasa kafin akuya ko kaza ta same shi.

Idan ruwa na raguwa kwali kuma a bushe, zaro geji. In mai ya koma kamar shayi da madara, ko salansa na fitar da farin hayaƙi bayan inji ya yi zafi, ko ruwan lagireto na kumfa, tof gaskit ya ƙone, ba aikin gida ba ne. Haka nan wanda motarsa ta shiga ruwa da damina. Mun ga yadda Binuwai ta yi a 2012 da 2022 da aka saki ruwan dam ɗin Lagdo na Kamaru. Motar da ruwa ya kai wa ciki, a duba man inji da na giya da na aksil kafin a sa makulli.

Wanda zai shiga ƙarƙashin mota kuma, jak kaɗai ba abin dogaro ba ne, balle a rairayi. A sa katako mai kauri a ƙarƙashinsa, a tokare motar da guntun gungume, a sa dutse gaba da bayan taya. Bulon siminti fashewa yake yi ba sallama. Baƙin man da aka juye a tara shi a jarka a kai gareji, kada a zuba a kwata, domin kwatocin garin nan ƙarshensu kogi ne.

Masu niyyar zuwa ganin gida, a shimfiɗa kwalin nan mako biyu kafin tafiya, don a sami lokacin neman kaya da gwada gyaran a cikin gari. Wanda ya ga abin da bai gane ba, ya yanko wurin tabon ya zo da shi zama na gaba, mu duba tare. Shugaba yana nuna mini agogo.