Wuƙar Niƙa Ciyawa: Mu Saya Ko Mu Dakata?

 

Abin da ya kawo wannan magana shi ne wata tambaya da muka sha ji a zagayen da muka yi. Ikilisiyoyi da dama yanzu suna da injin yankan ciyawa irin wanda ake turawa, domin filin majami'a ko na makaranta. Waɗansu sun saya, waɗansu kuma 'ya'yansu na birni ne suka kawo musu. To, masu shagon kayan inji sun soma tallar wata wuƙa dabam. Sun ce idan aka ɗaura ta, ba sai an kwashe ciyawa ba, ita da kanta za ta niƙe ta, ta mai da ita taki. Wani ma'aji ya tare mu a bakin ƙofa ya ce, "Malamai, kuɗin baiko ne fa. In fitar ko kada in fitar?" Mun yi masa alkawari za mu amsa a gaban kowa.

Bari mu fara da yadda take aiki, domin mai shago bai yi ƙarya ba. Wuƙar da ke zuwa da yawancin injuna miƙaƙƙiya ce, ƙarshenta a ɗan lanƙwashe sama. Tana yanka ciyawa sau ɗaya, iskar da take kaɗawa ta watsar da ita ta kafar gefe ko cikin jaka. Ita kuwa ta niƙa, jikinta a karkace yake, kaifinta ya fi tsawo, waɗansu ma suna da haƙora a baya. Takan riƙe ciyawar a ƙarƙashin inji tana juya ta, tana sake sara, har ta zama ƙanana ta zube tsakanin saiwoyi. Ɗanyar ciyawa kusan kashi 80 cikin 100 ruwa ce, shi ya sa ƙananan ba sa daɗewa suke ruɓewa. Suna mayar wa ƙasa naitirojin, wato sinadarin da muke nema a buhun yuriya. A Amurka malaman gona sukan ce barin yankakkiyar ciyawa a fili yana iya ba da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na takin da filin yake bukata.

Amma mu tambayi kanmu, don wa aka ƙera ta? A can, mutum yana shuka ciyawa mai laushi a ƙofar gida, ya sa mata taki, ya yanka ta kowane mako. Ba shi da akuya. Yankakkiyar ciyawa shara ce a wurinsa, har waɗansu jihohi suka hana zuba ta a babban juji, kamar yadda jihar Ilinoi ta yi a 1990. Wannan wuƙa ta raba shi da wahalar kwasa. Mu kuwa, wace ikilisiya ce a nan ta taɓa sayen buhun taki domin filin majami'a? Babu. Ashe kuɗin takin da aka ce za a rage mana, kuɗi ne da dama ba ma kashewa. Ƙari kuma, ciyawar da ta ƙoshi ita ce ke saurin tashi, mu kuma sake neman fetur.

Sai batun lokacin yanka, kuma a nan ne muka fi so ku saurara. Wuƙar niƙa tana da sharaɗi. Kada a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa a lokaci guda, kuma ciyawar ta kasance babu laima. Ku tuna da watan Agusta. Ruwa ya yi kwana uku yana zuba, matasa duk suna gona wajen noma, ba a tuna da fili sai ranar Asabar da yamma, ko kuwa in za a yi biki. Kafin nan kyasuwa da gamba sun kai gwiwa. Idan aka tura inji mai wannan wuƙa cikin irin wannan, ciyawar ba ta da mafita. Sai ta cushe, ta zama kamar tuwo a ƙarƙashi, inji ya yi ta gurnani yana mutuwa. Abin da ya faɗo kuwa dunƙule-dunƙule ne, masu shaƙe ciyawar da ke ƙasa har ta yi rawaya. Mun ga wannan da idonmu a wata makaranta. Yaron da ke turawa ya fi ɓata lokaci wajen ƙwaƙule ciyawa da sanda fiye da yanka, daga ƙarshe aka koma ga langalanga. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowa ya san lita ɗaya ba abin wasa ba ce, kuma injin da ke wahala ya fi shan mai.

Filayenmu ma suna da yashi da tsakuwa da gidajen gara. Yashi yana cin ƙarfe. Miƙaƙƙiyar wuƙa kowane maƙeri ko mai walda zai wasa maka ita, amma karkatacciya tana son mai haƙuri da magagari.

Iyayenmu mata, wannan ɓangare naku ne. Ciyawar da ake so a niƙe a bari a fili, a wurinmu dukiya ce. Harkiya da kyasuwa abincin awaki da tumaki ne, a ɗanye ko a shanya a ajiye domin rani. Wadda dabba ba ta so, a bari ta sha iska kwana ɗaya ko biyu, a shimfiɗa ta a gindin tumatir, barkono, ko 'yan itatuwan mangwaro da zogale da muka dasa. Kaurin yatsu uku ya isa, kada kuma ta taɓa jikin shukar. Tana riƙe laima, tana danne haki, ta rage yawan zuwa rijiya. Sauran a zuba a ramin taki tare da kashin dabbobi da toka. Abu ɗaya dai, a yanka kafin ta yi 'ya'ya, in ba haka ba mun kai wa lambu iri da hannunmu. Filin majami'a ba ya ciyar da kowa, amma lambun da ke bayansa yana ciyarwa.

Ba mu ce wuƙar ba ta da amfani ko'ina ba. Inda fili yake shimfiɗaɗɗe, ciyawarsa gajeriya irin kiri-kiri, akwai mai gadi ko ɗan aiki da ke yanka kowane mako, babu kuma mai neman ciyawar, to za ta rage aikin shara, filin kuma ya yi kyau. Irin wannan wuri ya fi yawa a gidajen baƙi da makarantun gari. Ikilisiyar da take haka, ta saya. Amma ta tafi kasuwa da tsohuwar wuƙa a hannu, domin tsawo ya bambanta, akwai inci 18, akwai 21, akwai 22, ramin tsakiya ma wani zagaye ne, wani kamar tauraro. A kuma tambayi marufin da ke toshe kafar gefe. In babu shi, yawancin ciyawar za ta fice kafin ta niƙu.

Ga sauranmu, amsar da muke ba ma'aji ita ce ya dakata. Kuɗin ya tafi ga baƙin mai, sabon fulogi, da wasa wuƙar da muke da ita, wajen sau ɗaya bayan kowane awa 25 na aiki. Mai kwancewa ya fara zare wayar fulogi, domin inji yana iya tashi idan aka juya wuƙa da hannu. Ya karkata injin ta yadda ɓangaren kabireta zai dubi sama, don kada mai ya malala ciki. Bayan wasawa a rataye wuƙar a ƙusa ta ramin tsakiya. Idan gefe ɗaya ya rinjaya, a ƙara goge wannan gefen har ta tsaya daidai, domin wuƙa mai rinjaye tana girgiza inji ta lalata shi. Kafin a tada inji kuma, a tsince duwatsu, a kori yara daga fili.

 Bayan abinci za mu kwance wuƙar injin da ke bayan ɗakin nan mu nuna a aikace. Matasan da aka zaɓa daga kowace ikilisiya su matso kusa.